Shekarar da Na Goge wa Teku Fuska

Na san abin da kuke faɗa a kaina a wancan guruf ɗin waya da kuka buɗe ba ni a ciki, don 'yar'uwarku Nafisa ba ta taɓa iya riƙe magana ta kwana biyu ba. Kuna cewa Baba ya je Dubai ya ga ruwa ya rikice, ya bar shagon da yayanku Abba ya sha wahalar nema masa ya faɗa hannun wani. Rabin wannan gaskiya ne. Na ga ruwa, kuma na rikice, ban taɓa musu ba. Sauran rabin nake so in ajiye muku a rubuce tun hannuna yana iya riƙe biro, don kada bayan raina ku riƙa ba jikokina labarin da aka yanke wa gefe.

Ƙananan cikinku ba su san sitidiyona na Fagge da ransa ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi a cikinsa. A bango akwai labule da wani mai rubuta allunan shaguna ya zana min: teku shuɗi sumul, bishiyar kwakwa biyu, da jirgin ruwa mai kama da takalmi. Daga ni har mai zanen babu wanda ya taɓa ganin teku, amma amare da alhazai da 'yan makaranta duk a gabansa suka tsaya, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi. Sai dai ba ɗaukar hoto ce ta yi min suna ba, gyaran fuska ne. Da fensir mai tsini na fara a kan nagatif, da kwamfuta ta zo na koma kanta. Ƙurji, tabo, tamoji, layin goshi, duk abin da ya ɗaga kai a fuskar mutum sai in kwantar da shi. Tsohuwa za ta shigo min da shekara sittin ta fita da arba'in tana sa min albarka. Ummanku kuwa ita ce alƙali. Babu hoton da ke shiga ambulan sai ta ɗaga shi a haske ta duba, in ta ajiye shi a gefe ba ta ce komai ba, to na san aiki ya dawo sabo. Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, sai ƙafa ta ɗauke kaɗan-kaɗan har na rufe ƙofa. Na naɗe kyamarata a tsohon zanen Ummanku na sa a jaka, na yi shekara huɗu ban buɗe ta ba.

Da Nafisa ta haihu a Dubai, inda take aikin jinya, ta yi mana takardun zama don Ummanku ta zo ta kula da jego. Ni dai an haɗa da ni ne kamar ƙarin kaya. Muka sauka a unguwar Karama a tsakiyar zafi, a bene na uku, ɗaki biyu da falo. Aikina cin abinci da kallon silin. Wani lokaci in hau jirgin ƙasan metro in je unguwar Deira in zauna a ofisoshin 'yan kargo na mutanen Kano, in sha shayi, in ji wa kwantenarsa ta maƙale, in dawo. Jakar kyamarar tana saman wardirof, ban ma san dalilin da ya sa na taho da ita ba. Wata rana na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, aka turo mai gyara, sai ga wani mutumin Kafanchan mai suna Bulus, dattijo-dattijo, ga furfura a gemu ga dariya a baki. Ya hau tsani ya hango jakar.

"Baba, wa ke da wannan?"

"Ta wani tsohon mai hoto ce," na ce. "Ya yi ritaya."

"Mai hoto ba ya ritaya, Baba. Khalas, magana ta ƙare, ranar Lahadi ka shirya. In ka gama sallarka ta asuba ina ƙasa da mota."

Ashe shi duk ranar hutunsa bakin ruwa yake zuwa ɗaukar hoto. Ya kai ni bakin tekun Mamzar gari yana fara wayewa. Na sha hawa abra, ɗan kwalekwalen fito, in tsallaka ruwan Deira, amma wancan kogi ne da gine-gine a gefe da gefe. Wannan kuwa, 'ya'yana, ba shi da ƙarshe. Na tsaya da takalmina a hannu, ruwa yana zuwa ya lashi ƙafata ya koma, na ji zuciyata tana bugawa irin ta ranar da na fara buɗe shago. Ba shuɗi ba ne kamar na labulena. Toka-toka ne a nan, kore a can, inda rana ta taɓa shi kuma kamar an watsa garwashi. Na zaro kyamara da sauri na ɗora ido, ban ga komai ba sai fari fat. Na ɗauka shekara huɗu a jaka ta kashe ta. Bulus ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gilashin ne ya yi gumi don mun fito daga sanyin mota zuwa laimar teku, in ba shi minti goma. Minti goman nan sun fi min shekara huɗun tsawo. Da gilashin ya washe na fara danna maɓalli, ban tsaya ba sai da katin ya cika, wandona ya jiƙe har gwiwa ban sani ba.

Da na dawo gida ko karyawa ban yi ba na ari kwamfutar Nafisa. Na buɗe hotunan, na zaɓi wanda ya fi, na zauna gyara. To a nan ne na yi abin da har yau Bulus yake ba mutane labari. Hannuna abu ɗaya ya sani, in ya ga wani abu ya ɗaga kai ya kwantar da shi. Na dubi ƙananan igiyoyin ruwan nan na ga tamoji ne zalla, na bi su ɗaya bayan ɗaya na shafe. Kumfar bakin gaɓa na gan ta kamar ƙuraje, na share. Sawun ƙafa a yashi, ciyawar ruwa, tsakuwa, ban bar ko ɗaya ba. Awa uku na yi, kuma wallahi ina jin daɗin aikina, har ina 'yar waƙa. Na ɗora shi a sitatus ɗin wayata, na kuma tura shi guruf ɗin masu hoton bakin teku da Bulus ya sa ni, inda akwai Indiyawa da 'yan Filifin da Larabawa. Na zauna ina jiran yabo. Har la'asar babu wanda ya ce uffan, sai mutum ɗaya da ya turo fuskar nan mai dariya da hawaye. Da yamma Bulus ya hawo bene da kansa.

"Baba, me ka yi wa ruwan nan?"

"Na gyara shi."

"Ka goge wa teku fuska, Baba! Ka ɗauka amarya ce?"

Ummanku tana goye da jariri ta leƙo ta kan kafaɗata. Shekara huɗu rabon da ta dubi aikina.

"Ina mutum a ciki?" ta ce.

"Ba hoton mutum ba ne, Hajiya, hoton teku ne."

"To ai wannan labulenmu ne na Fagge. Kwakwar kawai ka manta."

Na sake duba hoton. Ta yi gaskiya. Na yi tafiyar awa bakwai a jirgin sama, na tsaya a gaban tekun Allah, na dawo gida na mai da shi zanen mai allo. Kunya ta kama ni, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da ban san irinsa ba. Ina da shekara sittin da biyu, ga wani abu a sana'ata da ban iya ba, kuma ina so in iya shi kamar in yi tsalle.

A makon nan ne Abba ya kira daga Kano. Ya ce ya samo min shago kusa da wani ofishi da mutane ke layin neman hoton fasfo kullum, ya sa farin labule da kujera da fitila, abin da ya rage in zo in zauna. Mai ginin ya yarda ya riƙe masa har farkon Nuwamba, in ban zo ba akwai wani a layi. Ya ma riga ya yanka mana tikiti. Na yi masa godiya, kuma godiyar daga zuciyata ta fito, don na san ganin zaman banzan da nake yi ne ya dame shi. Amma Bulus ya riga ya gaya min cewa duk abin da na gani a Mamzar ba komai ba ne, laimar zafi ce ta lulluɓe shi. Sai Disamba da Janairu sama ke washewa, a ga inda ruwa ya haɗu da sama kamar an ja layi da rula. Tikitin Abba zai ɗauke ni wata guda kafin wannan. Na yi kwana uku ina juya maganar kafin na fasa ta a gaban Ummanku, tana tankaɗen garin kunun jego.

"Malam, yaron nan ya yi maka abin da ba kowane ɗa ke yi ba."

"Na sani, Hajiya."

"Kuma kana so in bi ka mu watsa masa ƙasa a ido saboda ruwa."

"Sanyin bana kawai nake roƙo. In na zauna a kan kujerar fasfo, a kanta zan ƙare. Ɗaga kai, rufe baki, kada ka yi murmushi, har in mutu."

Ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba. Can ta ajiye rariyar.

"To ga sharaɗina. Kafin ranar tikiti ka nuna min hoto ɗaya da zan yarda in sa a ambulan. Ɗaya tak. In ka nuna, ni da bakina zan gaya masa ba mu zuwa. In ba ka nuna ba, ka naɗe kyamararka mu tafi, kuma kada in ƙara jin maganar ruwa sai na alwala."

Mako bakwai ke nan a hannuna. Ban taɓa karatu irin na makonnin nan ba, ko a makarantar allo. Duk Lahadi muna bakin ruwa, sauran ranaku in hau bas ni kaɗai. Bulus ya zauna da ni ya nuna min yadda ake ƙara wa hoto kaifi. Ya ce kwamfuta ba ta ƙirƙiro komai, tana neman inda duhu ya haɗu da haske ne, ta ɗan ƙara wa gefen duhun duhu, ta ɗan ƙara wa gefen hasken haske, sai ido ya ga abin ya fito. Ya ce hoton da za a ɗora a intanet sai an fara rage masa girma da hannu, don in ka tura shi da girmansa za a matse shi a hanya ya isa kamar wanda ya sha ruwan sama. Rage girma tukuna, kaifi a ƙarshe. Ranar da na fara jan ɗan maɓallin ƙara kaifi na ga yashin da ke hoton ya tashi ƙwaya-ƙwaya, duwatsun gaɓa suka yi kamar in miƙa hannu in taɓa, na yi wata ƙara har jariri ya farka. Nafisa ta fito da gudu ta ɗauka faɗuwa na yi. Shekara talatin ina kwantar da abu, ashe akwai daɗi a tayar da shi.

Kun san halina, in na sami abu ba na yi masa da wasa. Na kama maɓallin nan na ja shi har ƙarshe a kowane hoto. Sama, ruwa, yashi, tsuntsu, jirgi, kowa na ba shi rabonsa har da ƙari. Bulus yana ta ce min, "Shwaiya-shwaiya, Baba," wato in bi a hankali, ni kuwa ina ganin tsoro ne ke damunsa. Ya nuna min wani buroshi na cikin kwamfuta da ake zaɓar wuri ɗaya da shi a kaifafa a bar sauran, na ce masa wannan aikin marowata ne. Na gyara wani hoton fitowar rana na ɗora a guruf, a wannan karon mutane suka yi ta turo alamar zuciya da babban yatsa, wani Balarabe har ya rubuta "masha Allah, habibi". Kaina ya kumbura. Na ɗauki kwamfutar na kai wa Ummanku kamar mai kai lefe.

"Ba a nan zan gani ba," ta ce. "Turo min a wayata. Mutanen Kano a irin tawa za su kalla, ba a allon Nafisa ba."

Wayarta tsohuwa ce, gilashinta ya tsage a kusurwa. Na tura, ta sa tabarau ta nisanta ta da fuskarta.

"Wa ya ja wannan farin layin tsakanin ruwa da sama?"

Na karɓa na duba. Ga shi nan kuwa, siririn farin zare ya bi bakin ruwa, ya zagaye jirgi, ya zagaye kowane dutse. Kaifin da na cika ne ya haifar da shi, a babban allo ban lura ba don daɗi ya rufe min ido.

"Samar kuma me ya same ta? Kamar an barbaɗa mata garin kwaki."

Ta ajiye wayar a gefe. Na san wannan ajiyewar tun daga Fagge. Ranar ban iya cin tuwo ba, kuma Ummanku ba ta lallashe ni ba, ta dai rufe min shi ta ce yana nan in na gama fushi da allon waya.

Aka ci gaba a haka. In rage kaifi ta ce hoton yana barci, in ƙara ta ce yana yi mata ihu. Akwatunanmu suka sauko daga saman wardirof, ta fara jera tsaraba a ciki a gabana, turare da dabino da 'yan rigunan jikoki, ba ta ko kallona. Saura kwana tara sai wata iska ta taso daga arewa ta yi kwana biyu tana kaɗawa, ta share laimar tas. Bulus ya kira ya ce gobe ce ranar, zai ɗauki hutun safiya ya kai ni inda masunta ke ɗaure jiragensu a Jumaira. Ina ɗaura agogo bayan asuba sai na ga Ummanku ta fito da mayafi da filas ɗin shayi.

"Ina zuwa, Hajiya?"

"Zan je in ga abin da ya raba ni da barcin safe wata biyu."

Ta zauna a kan wani ɗan gini a bakin gaɓa ta zuba wa Bulus shayi, suna hirar kunun gyaɗa na Kafanchan da na Kano wane ya fi. Ni kuwa na shiga aiki. Ban taɓa ganin safiya irin wannan ba. Sama wankakkiya, ruwa kore shar a kusa, can nesa ya koma shuɗi mai duhu. Ga kejunan wayar ƙarfe na kamun kifi an tara su kamar kwanduna, ga jiragen katako suna ɗan rausaya, ga wata igiya mai kauri da ta taso daga hancin jirgi ta zo ta ɗaure a wani baƙin dutse. Duk lokacin da jirgin ya ja baya sai igiyar ta miƙe ta fito daga ruwa tana ɗiga. Na durƙusa a kan gwiwar nan tawa mai ciwo na jira ta miƙe sau wajen ashirin. Da muka koma gida Ummanku ta miƙa wa Nafisa jariri, ta jawo kujera ta zauna a gefena, kafaɗarta tana taɓa tawa. Na buɗe hoton igiyar, na rage girmansa, na kai hannu ga maɓallin kaifi. Ta riƙe min hannu.

"Malam, a sitidiyo in kana gyara fuska, mene ne ba ka taɓa shafewa?"

"Ido," na ce.

"Kunci ka goge, goshi ka goge, amma ido kakan ɗan ƙara masa ne. Shi ya sa tsohuwa ke ganin hoton ta yarda ita ce. To kai yanzu ka mai da hoton gaba ɗaya ido. Mutum bai san inda zai kalla ba."

Ta ɗora yatsanta mai lalle a kan allon, daidai inda igiyar ta fito daga ruwa, ta ja shi zuwa baƙin dutsen da kumfa ta kewaye.

"Nan kawai. Sauran ka bar su yadda Allah ya yi su."

Sai ga ni ina neman buroshin marowatan da na raina. Na bi igiyar da shi a hankali, zare-zarenta, ɗigon ruwan da ke rataye a ƙarƙashinta, gefen dutsen, bakin kumfar. Ban taɓa sama ba. Ban taɓa ruwan nesa ba, ban shafe shi ba kuma ban kaifafa shi ba, kuma in gaya muku gaskiya barin sa haka ya fi min komai wuya, yatsuna har ƙaiƙayi suke. Ita kuma tana ba da umarni kamar mai koya wa mutum tuƙi: rage, rage, ƙara kaɗan, koma, tsaya nan. Na tura wayarta. Ta sa tabarau. Nafisa ta tsaya a bakin ƙofa da jariri ko motsi ba ta yi. Ni dai ina kallon hannunta in ga ko zai nufi gefe. Ta daɗe tana kallo. Sai na ga ta goga babban yatsanta a kan gilashin, ta duba yatsan.

"Igiyar nan a jiƙe take," ta ce.

Na miƙe tsaye na rasa abin yi, na rungumi Nafisa da jaririn gaba ɗaya, na zagaya falon nan ɗan ƙarami sau biyu ina ta hamdala. Na kira Bulus yana kan tsani a wani gida a unguwar Warsan, ya yi ihun murna har na ji mai gidan yana tambayarsa lafiya. Murnata ba ta kai minti biyar ba Ummanku ta cika alƙawarinta. Ta nemo lambar Abba ta sa a lasifika, ta ce in zauna in ji, tunda ni na jawo. Ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa sai bayan sanyi za mu dawo, ya saki shagon. Sai Abba ya ce:

"Umma, da hannuna na yi wa shagon nan fenti."

"Na sani. Allah ya yi maka albarka."

"Saboda hoton ruwa?"

"Saboda mahaifinka ya tashi daga kwance," ta ce. "Ni na gani."

"Shi ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Bai ce a ba ni wayar ba. Shagon ya tafi a cikin mako. Daga ranar Abba ya daina kirana. Yakan kira Ummanku ya ce a gaishe da Baba, in na kira shi ya amsa gaisuwa cikin ladabi ya ce yana kan hanya. Wata biyar muka yi a haka, kuma kada wani ya gaya muku bai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai. Sai dai ba zan yi muku ƙarya in ce na yi nadamar sanyin nan ba. Disamba ta zo kamar yadda Bulus ya faɗa har ta fi. Na ɗauki ruwa yana tafasa a kan duwatsu, na ɗauke shi kwance lamo da jiragen kaya a jere can nesa, na ɗauki fararen tsuntsaye a cikin taɓo. Kowane hoto sai mun zauna da Ummanku mun nemo inda za a kaifafa, sai ya bi ta tsagaggiyar wayarta kafin ya fita duniya. Tsofaffin kwastomomina na Fagge suka fara rubuto min, wata da na yi wa hoton aure tana tambaya ko da gaske haka teku yake, wani yana cewa Mai Hoto ya dawo. Sunan da na yi shekara huɗu ban ji ba.

Yanzu ga abin da babu wanda ya sani a cikinku, har Nafisa mai kunnen gida. Ita ce dai ta nuna min wata rana, cikin wasa, cewa in ka taɓa wata 'yar alama a ƙasan sitatus za ka ga sunayen waɗanda suka buɗe hoton, da lokacin da suka buɗe. Bayan ta fita na taɓa. Abba, sunanka na gani. Washegari na ɗora wani na duba, ga ka nan. Ba ka taɓa turo ko babban yatsa ba, ba ka taɓa rubuta harafi ɗaya ba, amma a wata biyar ɗin da ba ka yi min magana ba babu hoto ɗaya da ya wuce ka. Na lura kuma kullum wajen ƙarfe shida na safen Kano kake buɗewa, lokacin da ka dawo daga masallaci ka zauna jiran shayi.

Kai ɗan fari ne, bakina bai saba da sunanka ba balle irin wannan magana, shi ya sa na rubuta ta a inda ƙannenka ma za su gani. Ka yi min alheri na mayar maka da shi, kuma ban taɓa ce maka ka yi haƙuri ba. Ka yi haƙuri. Amma ka sani, tun daga ranar da na ga sunanka, ko da asuba na gama hoto ba na ɗora shi. Nakan riƙe shi in zauna ina kallon agogo har tara ta buga a Karama, shida ke nan a wajenka, sannan in danna. Har yau haka nake yi. Sauran mutane gani kawai suke yi a hanya, kai nake aika wa.